Yadda za ka daidaita bes a ogan ɗin jaz idan kunne ya fara tsufa

Mai buga mana ganga ne ya fara gaya min. Na girme shi da kusan shekara talatin, don haka sai da ya daɗe yana juya maganar a ransa kafin ya furta. Wani daren Asabar, bayan mun sauka daga dandamali muna naɗe wayoyi, ya matso ya ce, "Baba, a gafarce ni, amma bes ɗin nan ya danne mu gaba ɗaya. Ko jita ba a ji daga baya." Bes shi ne sashen kiɗa mai kaurin sauti. Na ce masa, "Ɗana, ai ban taɓa komai ba, yadda nake saita shi tun kafin a haife ka haka yake." Kuma gaskiya na faɗa, sandunan sauti, wato waɗanda ake zarowa a jikin ogan don saita launin muryarsa, suna nan inda suka saba zama. Abin da ya canza ƙafata ce ta dama. Ba tare da na sani ba, na koma ina nutsa fedar ƙarfin sauti har ƙasa, saboda ina neman wani kaifi a kiɗan hannun dama da kunnena ya daina kawo min. Kaifin bai dawo ba, sai bes ɗin ya kumbura ya cika ɗakin.

Ina rubuta wannan ne domin 'yan'uwana masu kaɗa ogan da suka haura hamsin, da kuma matasan da ke kiɗa tare da su. Magana ɗaya ce: daga kan bencin da kake zaune, kunnenka ba zai ƙara gaya maka gaskiyar yadda bes yake a cikin ɗaki ba, don haka dole ka samo wasu ma'aunai da za ka jingina da su.

Sai ka fara gane dalilin da ya sa abin ya fi damun mu fiye da sauran makaɗa. Tun da makaɗin ogan Jimmy Smith ya fara fitar da faya-fayansa a kamfanin Blue Note a 1956 da ogan ƙirar Hammond B-3, tsarin da ya kafu a Amurka shi ne mutum uku: ogan, jita, ganga. Babu mai kaɗa bes. Mai ogan ne ke tafiyar da layin bes da hannun hagu a jerin maɓallan ƙasa, yana ɗan tsikarar fedar bes da ƙafar hagu domin kowane sauti ya samu goshi, hannun dama kuma yana can sama yana magana. Jack McDuff, Jimmy McGriff, Richard "Groove" Holmes, duk a kan wannan turbar suka bi. Ke nan kai ne mai bes, kai ne kuma mai waƙa, sannan fedar ƙarfin sauti guda ɗaya ce ke ɗaga su tare ta sauke su tare. Mai fiyano da ke da ɗan bes a gefensa yana da wanda zai ja masa birki. Kai ba ka da shi.

Shi kuwa kunne, daga sama yake fara mutuwa. A cikin katantanwar kunne akwai ƙananan ƙwayoyi masu gashi da ke karɓar sauti, kuma waɗanda ke karɓar siririn sauti su ne suka fi saurin lalacewa, ko ta tsufa ko ta yawan ƙara. Idan suka mutu ba sa tsirowa. Lahanin da ƙara ke yi yakan fara bayyana wajen Hz 4,000 (Hz ma'aunin sauti ne: ƙaramar lamba kauri, babba siriri), wato daidai yankin da farantan ƙarfe na mai ganga ke sheƙi, da ɗan "tak" ɗin da maɓallin Hammond ke yi idan ka taɓa shi. Ga kuma wani abu da ya ƙara dagula lamarin: sauti mai kauri yana rufe siriri fiye da yadda siriri ke rufe mai kauri, kuma a kunnen da ya samu rauni rufewar ta fi tsanani. Sai ka shiga zagaye. Ba ka jin sama, ka ƙara ƙarfi. Bes ya ƙaru, ya ƙara binne saman. Ka sake ƙarawa. Wasu tsofaffin kuma akasin haka suke yi, su zaro duk sandunan sama har sautin ya riƙa yanka kunnen jama'a, su kuwa a wajensu daidai ne.

To abu na farko, je a gwada kunnenka. Kada ka sayi sifika sabuwa, kada ka zargi mai kula da na'urori, sai ka ga takardar gwajin da idonka. Kafin ma gwajin, a leƙa ko datti ne ya toshe, domin wani lokaci maganar ba ta wuce nan ba, kuma kada ka cusa tsinke ko ashana da kanka. Gwajin da aka saba yi yana auna daga Hz 250 zuwa 8,000 a kowane kunne daban. Wanda ke arewacin Najeriya yana da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, ga kuma sashen kunne da hanci da maƙogwaro na asibitocin koyarwa. Ka gaya musu kai makaɗi ne, ka kuma faɗi magungunan da ka sha, domin irin su allurar gentamicin da kwinin suna taɓa kunne. Ni takardata ta nuna kunnen dama ya fi faɗuwa, kuma ban yi mamaki ba: shekara da shekaru farantin mai ganga yana gefen nan, kamu biyu da kaina. Da dare idan gari ya yi shiru, kunnen yana min kukan gyare.

Yanzu mu zo ga sandunan, inda na fi son mu daɗe. Ogan yana da jerin maɓallai biyu, na sama da na ƙasa, kuma kowane jeri ana saita sautinsa da sanda tara, kowace ana zaro ta daga 0 zuwa 8. Sunayensu daga tsawon bututun tsohon ogan aka aro su: ta farko ita ce ta ƙafa 16, sai ta biyar da sulusi, sai ta 8, sai ta 4, a haka har zuwa ta 1. Saitin da kusan kowa ya gada daga Jimmy Smith a jerin sama shi ne 888000000 (kowace lamba tana nuna yadda aka zaro sanda ɗaya) tare da kunna ɗan bugun da ke ƙara wa sauti kaifi a farkonsa. A jerin ƙasa kuwa, don bes, da yawa suna sa 838000000 ko 808000000. Kuskuren da na yi, kuma na ga tsararrakina suna yi, shi ne idan layin bes ya daina fita sarari sai mu nemi ƙarin ƙasa, wato kaurin sauti. Amma ba ƙasan ba ce ke gaya wa kunne wane sauti aka taɓa. Sandar 16 nauyi take bayarwa, irin wanda ake ji a ƙirji da ƙafar kujera. Sunan sautin, wato abin da ke bambanta Fa da So, yana fitowa ne daga 'ya'yan sautin, wato siraran sautukan da ke tafe tare da shi a samansa, kuma ƙwaƙwalwa na iya gina uwar sautin daga gare su ko da ita kanta ba ta da ƙarfi. Shi ya sa kake gane layin bes a ƙaramin rediyo da ba shi da ƙasa ko kaɗan.

Saboda haka gwada wannan. Mayar da sandar 16 zuwa 6. Bar ta 8 a 8. Ta tsakiyarsu ka bar ta a 3 ko 4, ita ce ke kawo ɗan gurnani. Idan har yanzu layin bai fito ba, zaro ta 4 zuwa 1 ko 2, kada ka wuce, domin idan ta yi yawa bes ɗin zai koma kamar hannun hagu na fiyano, ya rasa jikinsa. Ka yi tafiyar bes a hankali na minti biyu kafin ka yanke hukunci. Da farko za ka ji kamar an zare maka tabarma, amma ka lura ko yanzu kana bin kowane sauti ba tare da ka duba yatsunka ba. Ni da na yi wannan, ƙafata ta dama da kanta ta ɗago.

Fedar ƙafar hagu kuma, taɓawa ce kawai, kamar wanda ya taka garwashi ya janye. A ainihin B-3, sautuka goma sha biyu mafi zurfi na fedar ne kaɗai, mafi ƙasa wajen Hz 32, yayin da maɓallan hannu ba sa sauka ƙasa da kusan Hz 65 sai su maimaita sautukan da ke sama. Idan ka riƙe fedar ta daɗe, wannan zurfin yana haɗuwa da na hannu da na babbar ganga, komai ya zama kunu. Akwai masu kaɗa cikakken bes da ƙafa, irin su Rhoda Scott da ke kiɗa ba takalmi da Barbara Dennerlein ta Jamus, amma wannan wata makaranta ce daban mai nata saitin. Idan oganka na zamani ne, irin su Nord ko Hammond SK, duba ko an bar maimaitawar nan a kunne. Wasu suna ba da damar sauka har ƙasa a hannu, kuma wannan kaɗai ya isa ya cika ƙaramin ɗaki da rugugi.

Sai wurin ajiye sifika. Leslie 122, sifikar ogan mai juyawa, tana raba sauti a Hz 800: na sama ya tafi ƙahon da ke juyawa, na ƙasa ya tafi sifika mai inci 15 da ke kallon ƙasa cikin ganga mai juyawa. Idan kana zaune a benci, ƙahon nan kusan daidai kunnenka yake. Matsar da ita aƙalla taku biyu ko uku, ta ɓangaren kunnen da kake son ji da shi amma ba manne da shi ba. Kada ka cusa ta a kusurwa, domin bango biyu da daɓe suna ninka bes. Ka kuma sani igiyar sautin Hz 65 ta fi mita 5 tsawo, tana dukan bango ta dawo, a wani wuri ta ƙarfafa kanta, a wani wuri ta kashe kanta. Yana yiwuwa bencinka yana daidai ramin da bes ke ɓacewa, alhali teburin da ke can lungu yana rawa. Wannan ko saurayi mai lafiyayyen kunne yana ruɗarsa.

Daga nan sai aron kunne. Kafin jama'a su shigo, na kan sa mai jitarmu ya zauna a bencina ya riƙa taɓa layin bes mai sauƙi, ni kuma in zagaya ɗakin, in tsaya a tsakiya, a baya, da kusa da ƙofa. Sannan mu yi musanya: ni in kaɗa, mai ganga ya zagaya. Abin da ya faɗa shi ake bi, ko da bai yi min daɗi ba. Mun yi yarjejeniya da shi cewa idan muna tsakiyar kiɗa ya ga na fara nutsa ƙafa, zai dube ni ya saukar da tafin hannunsa ƙasa sau ɗaya, ba sai ya yi magana ba. Ku matasa, ku yi wa dattijonku wannan alherin, amma a keɓe, ba a gaban mutane ba. Idan an samu daidaito, na kan manna salatif a kan maɓallin ƙarfi na na'urar in ja layi da biro, in kuma rubuta lambobin sandunan a ƙaramin littafi tare da sunan ɗakin. A yi gwajin a ƙarfin da za a yi kiɗan, domin tun 1933 masana sauti Fletcher da Munson suka nuna cewa kunne ba ya jin ƙasa sosai idan sauti ya yi sanyi. Bes ɗin da ka saita a hankali da yamma zai zama dodo da ƙarfe goma na dare. Ka tuna kuma jikin mutane ya fi shanye siririn sauti, don haka ɗakin da ya cika yakan ƙara karkata zuwa ƙasa.

Sauran jin da ya rage maka kuwa, ka yi masa tattali da lissafi. Iyakar da NIOSH, hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, ta ba da shawara ita ce desibel 85 (ma'aunin ƙarfin ƙara) na awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin gida biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, 100 minti 15 kacal. Sa manhajar auna ƙara a wayarka, ka ajiye ta a kan ogan dare ɗaya, ka ga inda kuke. Matoshin kunne na soso ba su dace da mu ba, domin sun fi yanke sama su bar ƙasa, wato ainihin ciwon da muke gudu. Nemi na makaɗa da ake zubawa daidai da kunnenka, masu tacewa da ke rage desibel 9, 15 ko 25 kusan bai ɗaya. Ni na 9 nake sawa a ƙaramin wuri, na 15 idan mai ganga ya ɗauki zafi. Ka fara sa su a wajen atisaye har ka saba, kada ka gwada su karon farko a gaban jama'a. Lokacin hutu kuma ka fita waje inda babu kiɗa, ko da minti goma ne.

Idan an ba ka na'urar taimaka wa ji, ka sani domin magana aka ƙera ta. Ogan yana riƙe tsaftataccen sauti ya daɗe, sai na'urar ta ɗauka kuwwa ce, wato fiton da ita kanta kan yi, ta yi ƙoƙarin kashe shi, ka ji sautin yana ɓari ko yana sauya launi. Ka roƙi mai saita ta ya buɗe maka tsarin kiɗa daban, ya kashe ko ya rage maganin kuwwa da mai rage hayaniya, ya kuma kashe tsarin da ke sauko da siririn sauti ƙasa, domin wannan yana lalata daidaiton sautuka. Na ɗauki ƙaramin ogan ɗina na je da shi ɗakin saitin, na kaɗa yana gyarawa, sai da muka zauna sau uku kafin hannun dama ya dawo min da muryar da na san shi da ita. Ranar da muka koma ɗakin nan na daren Asabar, sandar 16 tana kan 6, Leslie ta bar kusurwa, kuma a karon farko cikin shekaru na ji yatsun mai jita suna goga waya tsakanin sauti da sauti.