Yadda za ku shirya ranar raba kyaututtuka ga makarantarku, yara su ji tasu ce

Zango na ukku in ya kama hanyar ƙarewa wajen watan Yuli, nan ne kusan kowace makaranta a Sakkwato ke tunawa da cewa akwai wani abu wai shi ranar jawabi da raba kyaututtuka, sai a kira mitin ɗin gaggawa sati biyu kafin ranar, a kafa kwamiti, a fara rubuta takardun roƙo. Abin da ke biyo baya kun san shi, manyan baƙi cikin inuwar kanofi da ruwan sanyi gabansu, yaran da anka taru don su kuma suna tsaye cikin rana tun hantsi. Malamai 'yan uwana, da shugabannin PTA (ƙungiyar iyaye da malamai) da na SBMC (kwamitin al'umma mai kula da makaranta), wanga rubutu naku ne, ga yadda nike ganin ya kamata a bi abin.

Aikin yana farawa ne tun zango na ɗaya, kuma da littafi guda mai kauri yake farawa. A samu malami ɗaya mai haƙuri da rubutu, ba lalle sai babba ba, a ba shi littafin a ce duk abin kirkin da ɗalibi ya yi cikin shekara ya shiga nan da kwanan wata. Wadda ta ciyo kacici-kacici, wanda ya wakilci makaranta ga muhawara, yaran da sunka je musabaƙa, wanda ya zo na ɗaya ga gudu lokacin gasar gidaje, har yaron da ya tsinci kuɗɗi ya kai ofis. Malaman aji su riƙa kai masa rahoto duk ƙarshen wata. Dalili shi ne in babu rubutu to ranar zaɓe tunanin mutane za a dogara da shi, shi kuwa tunani ɗan wanda anka sani yake fara kawowa, kuma daga nan ne maganar son kai ke tashi, uwa ta ce an hana ɗiyarta don ba su da kowa. Sakamakon jarabawa ma haka, a haɗa na zango ukku duka da makin gwaji na cikin aji, kuma malamai biyu da ba su da ɗa ko ƙane cikin ajin su sake lissafawa su sa hannu. Zai ci lokaci, amma ya fi a zo ana gyara suna a gaban jama'a.

Sai maganar wa za a ba. Nan nike so mu daɗe, don nan ne mafi yawanmu ke taƙaita abin ga na ɗaya da na biyu da na ukku, kuma yara ukkun nan su ne dai na bara, su ne na bana, sauran ajin sun riga sun cire rai tun kafin a buga kati. Ku bar masu matsayi da kyautarsu, haƙƙinsu ne. Amma ku ƙara kyautar wanda ya fi kowa matsowa gaba, a ce yarinya ta fara shekara tana can ƙasan aji ta ƙare tana tsakiya, wagga ta yi aikin da wataƙila ya fi na mai na ɗaya wuya. Ku ƙara ta wanda bai taɓa fashi ba, rijista na nan ba gardama. Ku ƙara ta tsabta, ta kyawun rubutu, ta karatun Hausa da rubutun ajami, ta ƙungiyar JETS (ta ɗalibai masu son kimiyya da ƙere-ƙere) ga yaran da ke haɗa 'yar fanka da batir da kwali, ta wasanni har da langa in makarantarku na yi. Makarantun da ke ƙauyuka kuwa ina ganin duk yarinyar da ta kai ƙarshen aji shidda na sakandare ta cancanci a kira sunanta ita da mahaifinta a tafa musu, kowa ya san abin da anka sha kafin a kai nan.

Musabaƙa kar a mayar da ita 'yar rakiya, a ce a yi ta a gurguje kafin baƙi su iso. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa baki ɗaya nan Sakkwato ta samo asali, Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo ce ta fara ta a 1986, kuma yaran da ke kai wa can daga irin waɗanga ƙananan matakai suke tasowa. A ba ta rukuninta daidai da hizbin da yara ke iyawa, a nemo alƙali daga wajen makaranta.

Abu ɗaya da za a kiyaye, kar kyauta ta zama tonon asiri. In za ku taimaki maraya ko yaron da gidansu ba hali, ku yi shi cikin ofis. Ba a kiran yaro da lasifika a ce ga kyautar marasa galihu.

Ranar da za a sa tana son lissafi. Maris zuwa Mayu ku manta da taron fili, zafin garin nan na wuce digiri 40 kuma ba yaron da zai jure. Mayu da Yuni 'yan aji shidda na cikin WAEC, NECO na biye har cikin Yuli, ga kuma damina, iyaye da yawa na gona suna noman gero, hadari kuma yakan taso da yamma ya kwashe kanofi. Don haka safiya ce mafita, a fara da ƙarfe tara a tashi kafin azahar. A duba kalandar Musulunci kar ta faɗa cikin azumi ko satin sallah, a kuma duba ranar kasuwar yankin, wanda ke wajen Achida ya sa taro ranar Laraba to shi da kujeru za su zauna. In makarantar gwamnati ce a rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ko ma'aikatar ilimi tun da wuri, kar ranar ta ci karo da wani abu nasu.

Kuɗɗi. Ra'ayina kar a aza wa yara haraji, ranar da anka ce kowa ya kawo kaza to yaron da bai kawo ba ba zai zo ba, kuma sau da yawa shi ne mai kyautar. PTA da SBMC su zauna su ga abin da ke akwai, sannan a nemi tsofaffin ɗalibai, kusan kowace tsohuwar makaranta yanzu tana da zaurensu na WhatsApp kuma suna son a tuna da su. A roƙi kaya maimakon tsabar kuɗɗi, mai shagon littattafai ya ba da littafi, tela ya ɗinka yunifom biyu, mai kanofi ya rage farashi, haka ya fi sauƙin bayarwa kuma ya fi wuyar ɓacewa. 'Yan siyasa a gayyace su ba laifi, amma abin da ke hannu kawai za a sanar, alkawarin da anka yi da makirufo a bakin jama'a yaro zai riƙa zuwa ofis yana tambaya har ya gama makarantar. Ma'aji ya rubuta kowace naira da ta shigo da wadda ta fita.

Kyautar kanta ta zama abin da yaron zai mora shi da kansa. Bokitin roba da kwanon silba gida za su shige, ba zai sake ganinsu ba. Ƙamus, jakar makaranta, fitila mai sola don karatun dare, kayan lissafi, Alƙur'ani mai kyau, takalmi, waɗanga su ne. Ga 'yan aji shidda ba abin da ya kai a ce wani ya ɗauki nauyin fom ɗin JAMB. In da hali a sa dukawan garin nan su yi 'yar jakar fata da sunan makaranta, fatar jar akuyar Sakkwato da duniya ta sani ai ba ta fi ƙarfin ɗiyanmu ba. Satifiket kuma dole, kuma a tambayi yaron yadda ake rubuta sunansa kafin a buga, Abubakar ne ko Bubakar ko Garba, don takardar da ke da sunan da ba daidai ba ba ta da amfani gaba.

Ranar taro, wurin zama shi ke nuna don wa anka taru. Yara su fara samun inuwa, ko kanofi ko ƙarƙashin dogon yaro, masu karɓar kyauta a jere su gaba bisa tsarin da za a kira su da malami ɗaya riƙe da takarda, kar a kira suna a tsaya jiran yaro ya ratso daga bayan fili. Randa ko jarkokin ruwa su kasance kusa da su. A keɓe wa iyaye mata wuri mai kyau inda za su gani su ji, ba can baya kusa da janareta ba, su ne ke tada yaran nan da asuba. Lasifika a gwada ta tun daren jiya, a ajiye batir na biyu.

Sannan ku juya tsarin da anka saba, a raba kyaututtuka kafin dogayen jawabai. Bayan addu'a da karatu da taken ƙasa, shugaban makaranta ya yi rahotonsa a taƙaice, cikin Hausa, tunda iyayen da ke zaune Hausa suke ji, sai a shiga kiran yara, ana saka muhawara ko ɗan wasan kwaikwayo a tsakani don a huta. In babban baƙo bai iso ba a fara, uban ƙasa ko liman ko shugaban PTA na nan sai su miƙa, in ya zo a tarbe shi da girmamawa a ce ranka ya daɗe mun fara saboda rana, ba wanda zai ƙi wanga uzuri. Gabatarwa a bar wa ɗalibai biyu, mace da namiji, malami na gefe yana taimaka musu. Kuma in an kira yaro a kira shi da sunan mahaifinsa da unguwarsu ko garinsu, a ce uba ko uwa su fito su tsaya tare da shi. Ku lura da dattijon da ya zo da kekensa ya jingine jikin katanga, in an kira shi yadda zai gyara hula ya kakkaɓe riga kafin ya taka, wanga mutum shekara mai zuwa ba sai an aika masa takarda sau biyu ba in an kira taron PTA.

Yanzu ma'aikata, waɗanda galibi su ke ɗaukar kujeru da safe su mayar da yamma ba wanda ya ambaci sunansu. Karrama mai koyarwa ba baƙon abu ba ne gare mu. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, in ta naɗa jaji, wato shugabar mata masu neman ilimi da ake kira 'yan taru, malfa take aza mata da jan ƙyalle, duk ƙauyen da ta shiga a san malama ce ta zo. Sardauna Ahmadu Bello da Shehu Shagari dukansu sun riƙe alli a makarantar Midil ta Sakkwato kafin duniya ta san su. To mi zai hana mu ware minti goma sha biyar cikin taro don malamai? Amma zaɓen na son tsari fiye da na yara ma, don ɗakin malamai ba ya manta abu. A duba rijistar zuwa aiki, a duba littafin shirin darasi, a sa manyan ɗalibai su jefa ƙuri'a a asirce, a haɗa ukkun, shugaban makaranta da mataimakansa su cire kansu daga takara. Wanda ya samu bana ya huta baɗi.

Kar a tsaya ga masu shiga aji. Baba maigadi, masu shara, masu dahuwa da uwar ɗakin kwana in makarantar kwana ce, malaman sa-kai da PTA ke ɗan ba wani abu, 'yan bautar ƙasa da anka turo daga sansanin Wamakko wasunsu ko Hausa ba su ji amma sun riƙe lissafi da kimiyya shekara guda. Turmin atamfa ko yadin shadda da satifiket ya isa. Malamin da ya yi ritaya cikin shekarar a aika mota ko babur a ɗauko shi, a ba tsofaffin ɗalibansa dama su yi magana minti biyu. In lokaci ya ƙure to a ɗage ɓangaren malamai zuwa 5 ga Oktoba, ranar malamai ta duniya, a yi shi a taron safe, amma kar a ɗage shi zuwa babu. Bayan an watse kuma malamai su zauna su ci abinci tare ko da shinkafa da wake ce, daga asusun walwalarsu, ba daga kuɗɗin kyautar yara ba.

Hotuna a yi hattara, musamman na 'yan mata, a nemi yardar iyaye kafin a ɗora a Facebook, kuma kar a haɗa hoto da cikakken suna da unguwa wuri ɗaya. Sunayen dai a rubuta su a allo cikin ofis ko bakin zauren taro da shekarar, a kuma aika wa gidan rediyon Rima ko wata tashar da iyayen yankin ke saurare, ko ba a karanta duka ba an gwada.

Sati guda bayan taro kwamiti ya sake zama, ma'aji ya karanta lissafi a manna kwafi a allon sanarwa, a rubuta wa duk wanda ya ba da ko biro ne takardar godiya, a rubuta abin da ya lalace, lasifika ce ta mutu ko ruwa ne ya ƙare ko wani jawabi ne ya wuce ƙa'ida. Malaman aji kuma ranar ba da sakamako su faɗa wa yaransu rukunan kyautar baɗi tun yanzu, har da ta matsowa gaba da ta rashin fashi, don wanda bai samu komi ba bana ya san ta inda zai shigo. Littafin nan mai kauri a miƙa shi ga shugaban makaranta ya sa hannu, a buɗe sabon shafi da ranar da za a dawo hutu.