Yadda ake auna fim ɗin faɗa, na rawa da na masu nakasa kafin a ce ya yi ko bai yi ba

A ido, fim ɗin faɗa na 'yan Chana, fim ɗin rawa, da fim ɗin da jaruminsa kurma ne ko makaho, ba abin da ya haɗa su. Amma a duka ukun jiki ne ke ɗauke da labari, kuma a duka ukun ana yi wa mai kallo rufa-ido da abu biyu: yankan hoto da kiɗa. Mai son faɗin ra'ayinsa a kansu sai ya iya bambance inda ɗan wasa ya yi aikin da jikinsa da inda mai haɗa hoto ya rufa masa asiri.

Kallo biyu ake yi. A na farko zauna kamar kowa, kada ka tsayar, kada ka riƙe biro. Da an gama, rubuta layi uku na abin da ka ji tun da zafinsa, don kafin gobe ra'ayin mutane ya gauraya da naka. A na biyu zaɓi fitowa uku kawai, ka kashe sauti, ka rage gudu. YouTube na ba da 0.5 da 0.25, kuma a kwamfuta idan ka tsayar da hoton, madannin waƙafi da na aya suna matsar da shi ɗaya bayan ɗaya. A manhajar kallon bidiyo ta VLC harafin E ne ke matsar da shi gaba. Idan fassarar Hausa ce a wayarka, nemi na asali, saboda muryar mai fassara da barkwancinsa sun hau kan sautin.

A fim ɗin faɗa, fara da ƙirga. Ɗauki daƙiƙa 30 daga tsakiyar dambarwar ka ƙirga sau nawa hoto ya canza. Idan bai kai goma ba, kuma kana ganin mutanen daga kai har ƙafa, to su ke yin abin. Idan ya haura ashirin da biyar ga kyamara na ta girgiza, akwai abin da ake ɓoyewa. Sai ka duba ko naushin da wanda ya sha shi suna cikin hoto guda. Inda aka nuna hannu ya tafi, aka yanka, sannan aka nuna mutum yana faɗuwa, kwakwalwarka ce ta haɗa dukan, ba idonka ba.

Masu fim na Hon Kon suna da dabarunsu, kuma saninsu zai hana ka yabon ƙarya. Fim yana tafiya ne da hoto 24 a daƙiƙa. Idan aka ɗauka da 22 aka haska da 24, motsi zai ƙara sauri. Ana gane wanda ya wuce gona da iri ta ƙura da bakin riga: za su riƙa faɗowa da gaggawar da ba ta duniya ba. Suna kuma barbaɗa hoda a takalmi don shuri ya tashi ƙura, sannan su maimaita ƙarshen dukan a hoto na kusa domin ido ya gan shi sau biyu. Wayar da ake ɗaura wa ɗan wasa a ɗaga shi sama kuwa a wurin tashi da sauka take tona kanta: gwiwa ba ta lanƙwashe ba mutum ya yi sama, ya dira ba nauyi.

Waya ba laifi ba ce. Faɗan da Yuen Woo-ping ya tsara a Crouching Tiger, Hidden Dragon na 2000 tatsuniyar masu takobi ce, tashi sama na cikin ƙa'idarta. Ong-Bak na 2003 kuwa an tallata shi ne da cewa jaruminsa Tony Jaa bai sa waya ba. Kowanne da mudun da za a auna shi. Kuma a daina kiran komai karate. Karate daga Okinawa ta Japan yake. Damben Tailan gwiwa da gwiwar hannu ne, silat na Indunusiya ƙasa-ƙasa ake yinsa, galibi da wuƙa, tekwando na Koriya ƙafa ce a gaba. Wanda ya saba kallon dambe ya san abu biyu da fim ke yawan mantawa: tazara da gajiya. Jarumin da aka karya wa haƙarƙari a minti na 40 ya ci gaba da tsalle a na 45 kamar ba komai, wannan sai a rubuta shi.

Rawa ba ta da wahalar aunawa: kalli ƙafa. Tun shekarun 1930 Fred Astaire, shahararren mai rawa a fina-finan Amurka, ya dage a ɗauke shi gaba ɗayansa, ba yawan yanka, kuma har yau ma'aunin bai tsufa ba. Idan ana nuna fuska daban, ƙafa daban, ko a ɗauko mai rawar ta baya, ko haske ya fito daga bayanta ya mai da ita inuwa, to mai yiwuwa wata ce ke yi. A Flashdance na 1983 Marine Jahan ce ta yi yawancin rawar, sunanta ma bai fito a jerin 'yan wasa ba. Kunna sautin yanzu ka ƙirga kiɗan takwas-takwas, ka ga ko taku na sauka daidai kan bugu. Ka saki jarumi ka kalli 'yan layin baya, a nan ake ganin ko an yi atisaye. Tambaya ta ƙarshe, wadda ta shafi fina-finan Indiya da na Kannywood daidai wa daida: a cire waƙar nan, labarin ya rasa wani abu? Idan masoyan sun fito daga rawar yadda suka shiga, talla ce aka cusa.

Fim ɗin nakasa shi ne inda masu sharhi suka fi zamewa, domin hawaye kan sa mutum ya ɗauka fim ya yi kyau. Zuba kiɗa mai sanyi kan yaro a keken guragu ba gwaninta ba ce. Kashe sautin ka ga abin da ya rage.

Fara da binciken wanda ya hau matsayin. Harold Russell, wanda ya rasa hannayensa biyu a lokacin yaƙin duniya na biyu, ya samu Oscar, babbar lambar yabon fina-finai ta Amurka, har biyu da wani fim na 1946. Marlee Matlin, kurma ce, ta ci nata a 1987 tana da shekara 21. CODA, da ya zama gwarzon fim a Oscar na 2022, kurame na gaske ne suka fito a matsayin iyaye, alhali a na Faransa na 2014 da aka kwaikwayo masu ji ne suka yi. Ba a ce lafiyayye ba zai iya ba, amma mai karatunka ya cancanci ya sani.

Daga nan sai ƙananan abubuwa. Maganar hannu tana buƙatar a ga mutum daga ƙugu zuwa kai, saboda gira da baki na cikin nahawunta. Daraktan da ya matso da kyamara ya yanke hannaye, tamkar ya toshe bakin mai magana ne. Kuma ba iri ɗaya ba ce a duniya: ta Amurka daban, ta Ingila daban, ta kuramen Kano daban. Makahon da ya kafe ido a rufin ɗaki yana shafa fuskar duk wanda ya gamu da shi, na fim ne kawai. Na gaske kunne yake juyawa wajen mai magana, sandarsa kuma tana share gabansa hagu da dama, faɗin kafaɗa. Mutumin da aka ce ya shekara goma yana tura kansa, sai ga shi a ƙaton keken asibiti mai dogon baya, alama ce ba a tambayi kowa ba, domin keken mai zirga-zirga da kansa mara nauyi ne, an auna shi da jikinsa.

Sai labarin kansa. Ƙirga fitowar da mai nakasar ke son wani abu da bai shafi nakasarsa ba: aure, kuɗi, ramuwar gayya, ko ma mugunta. Idan babu ko ɗaya, ba mutum aka rubuta ba, darasi aka rubuta domin masu lafiya. Duba ƙarshe kuma. Mutuwa da warkewar mamaki su ne ƙofofin da marubuci ke bi idan ya rasa yadda zai yi da shi, kuma a kan irin ƙarshen farko ne masu nakasa suka yi zanga-zanga lokacin da Me Before You ya fito a 2016. A namu fina-finan matsalar ta fi karkata ga mai da makaho mabaraci, bebe kuma abin dariya.

Wajen rubutu, kalma 300 zuwa 500 sun wadatar. Kada ka sake ba da labarin, jimla biyu sun isa. Duk hukuncin da ka yanke ka rataya masa minti: "a minti na 52 an yanka sau 19 cikin daƙiƙa 20" ya fi "faɗan bai yi ba" nesa ba kusa ba. Raba maki uku, na aikin jiki, na ɗauka da haɗawa, da na labari, don sau da yawa ɗaya kan yi kyau biyu su faɗi. Za ka tona ƙarshe, to yi gargaɗi a layin farko. Kalmomi irin su "musaki" da "abin tausayi" a bar su, kuma kada a kira kowane kurma bebe. Idan da hali, kafin ka saki sharhin ka nuna wa mai irin wannan nakasar fitowa ɗaya, ka tambaye shi abin da ya gani wanda ya wuce ka.