Kafin Ka Sake Murɗa Makulli: Abin Yi Idan Inji Ya Ɗauki Ƙara Ko Ya Mutu A Hanya

Yawancin injinan da ake jawo mana gareji sun buga, ba ƙarar farko ce ta kashe su ba. "Bari in lallaɓa in ƙarasa gida" ce ke ƙarasa su. Ga abin da nake gaya wa masu kawo mini aiki.

In inji ya mutu kana cikin tafiya, sitiyari zai yi nauyi, amma yana juyawa, sa ƙarfi kawai. Birki kuwa saura taku ɗaya ko biyu ne gare shi kafin ya yi tauri, don haka kada ka yi ta dannawa kana saki. Taka sau ɗaya ka riƙe. Kunna sigina ta kowane gefe, ka gangara bakin titi. Kada ka zare makulli sai motar ta tsaya cak, sitiyari na iya kullewa a hannunka. Sannan ka ajiye alamar nan mai kusurwa uku can baya. Ganyen da muke zubawa a kwalta babu mai ganinsa da dare.

To, sai batun ƙara, don ba duka ce ke da haɗari ba. In ka ji mota ta ɓarke da ruri amma ƙarfinta na nan, galibi salansa ce ta fashe, aikin mai walda ne. In kuka ne siriri mai tsini, musamman da safe ko in ka kunna AC, fanbel ne ya saki. Shi ma ka duba shi, domin a motoci da yawa shi ke juya famfon ruwa.

Wadda nake tsoro ita ce ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasan inji, ƙwal-ƙwal-ƙwal, kana ba da wuta tana ƙara sauri. Wannan metal ne, wato ɓawon ƙarfen da ke tsakanin kiranshaf (babban sandan da ke juyawa a ƙasan inji) da konrod (hannun da ke haɗa shi da fistin). Baƙin mai ne ke shiga tsakaninsu, da zarar ya yanke sai ƙarfe ya hau cin ƙarfe. In ka ji ta, ko ka ga jar wutar nan mai kama da buta ta kama a gabanka, kashe inji nan take, ko da gidanka ake hangowa. Wanda ya kashe da wuri, sau da yawa canjin metal da gyaran kiranshaf ya ishe shi. Wanda ya ci gaba, na sha ganin konrod ya ɓula cikin injin ya leƙo waje.

Jira minti 10, ka zaro sandar awon mai, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. In ta fito a bushe, leƙa ƙarƙashin mota ka ga ko ya zube. Sai dai ka sani, in an riga an ji ƙwanƙwasar, ƙarin mai ba ya mayar da abin da ya cinye. Mu in mota ta iso, tsiyaye man muke yi a tire mu kai shi rana. Muka ga yana walƙiya da ɗan garin ƙarfe, muka murza a yatsa muka ji tsaki-tsaki, magana ta ƙare. In kuma man ya koma fari-fari, ruwa ya shige shi, gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya ƙone. Murfin lagireto kada ka taɓa shi da zafi, tafasasshen ruwa zai watso maka a fuska.

Motar da ta mutu shiru babu ƙara, murɗa makulli zuwa inda fitilu ke kamawa ka kasa kunne ta baya. Famfon fetur mai lafiya yakan yi ɗan zuuu na daƙiƙa 2. In ka yi kik sau ɗaya ka ji inji na juyawa da sauri fiye da yadda ya saba, sakayau babu nauyi, tsaya nan. Taimin bel ne ya tsinke, wato bel ɗin da ke daidaita motsin fistin da bawul. Masu Peugeot 406 su fi kula, domin a irin injinta fistin kan daki bawul ya lanƙwasa shi. Corolla ta 2003 zuwa sama sarƙa gare ta a maimakon bel, ba ta cika yin haka ba.

Da damina kuma, in ta mutu a cikin ruwa, ko kik ɗaya kada ka yi. Ruwan da ya shiga inji ba ya matsuwa, konrod ne zai lanƙwashe. A ture ta waje, a kwance fulogi, a fitar da ruwan tukuna.

Wajen ja, mai giyar hannu igiya ta wadatar in ba nisa. Otomatik kuwa a ɗaga tayoyin da ke jan ta ko a ɗora ta a kan babbar mota, in ba haka ba ka haɗa da asarar giya.

In ta kai ga sayen injin Beljiyam, wato na hannu da ake shigowa da shi daga waje, a kasuwar Kofar Ruwa ta Kano, tafi da bakanikenka. Ya buɗe murfin mai ya haska ciki, ya sa sifana ya juya injin da hannu ya ji ko yana zagayawa ba tare da ya cije ba. Ku kuma yi magana da mai shago a kan kwanakin gwaji kafin kuɗi ya bar aljihunka.