Yadda Ake Horar da Dokin da Ba Ya Son Rabuwa da 'Yan'uwansa

Wani dokin da zarar an fitar da shi daga barga sai haniniya da waiwaye, ka ja linzami ya ƙi ji. Kada ka ɗora masa sirdi tukuna, daga ƙasa za a fara.

1. Sa masa ragama da doguwar igiya, ka ja shi ɗan nesa inda yana iya hango sauran.

2. Koya masa tsayawa da ja da baya. Ka ɗan matsa igiyar, da ya motsa ko taku ɗaya ne, ka sassauta nan take. Sassautawar ce ladansa, da ita yake gane abin da kake so. Wanda ya ci gaba da ja bayan doki ya bi, shi ke koya masa taurin kai.

3. In ya tunkuɗe ka da kafaɗa, mayar da shi baya. Bulala ba ta da amfani a nan, tsoro kawai take ƙara masa.

4. Kusa da barga ka sa shi zagaye har ya gaji, can nesa kuma ka bar shi ya huta, ka ba shi harawa.

5. Kullum ka ƙara nisa kaɗan. Ranar da ya bi ka igiya a sake, ka fita kilisa da shi.