Yadda Ake Ziyartar Iskandariyya ta Jirgin Ƙasa: Wuraren Gani, Abinci da Masauki

Iskandariyya birni ne dogo kuma siriri a ƙasar Masar, wanda ya miƙe a gaɓar Bahar Rum fiye da kilomita 30, kuma duk wanda bai yi la'akari da wannan siffa tasa ba kafin ya yanki tikiti zai ƙarar da rabin ziyararsa a cikin mota. Saboda haka tsarin tafiyar gaba ɗaya ya dogara ne a kan abu biyu da ake yankewa tun daga Alƙahira, wato tashar da za a sauka da kuma ɓangaren gaɓar da za a kwana.

Jiragen Iskandariyya suna tashi daga tashar Ramsis da ke tsakiyar Alƙahira, kuma tazarar ta ɗan haura kilomita 200. Wannan layi shi ne layin dogo na farko da aka shimfiɗa a Afirka, an kammala shi a shekarar 1856, kuma yana ratsa gonakin da kogin Nilu ke shayarwa ta garuruwan Banha da Ɗanɗa da Damanhur. Jirage masu sauri, ciki har da ƙirar kamfanin Talgo, suna isa cikin awa biyu da rabi zuwa uku, yayin da masu tsayawa a kowace tasha kan ɗauki lokaci mai tsawo, don haka ya kamata a tambayi lambar jirgin da yawan tsayawarsa, ba lokacin tashinsa kaɗai ba. Farashin da ake yanka wa baƙi ya bambanta da na 'yan ƙasa, kuma ana buƙatar fasfo wajen sayen tikiti. Yana da kyau a sayi na dawowa tare da na tafiya, musamman idan ziyarar ta faɗo a ranar Alhamis ko Asabar, lokacin da mutanen Alƙahira ke tururuwa zuwa bakin teku da dawowa. A riƙe riga mai ɗan kauri a hannu, domin na'urar sanyaya taragon tana da ƙarfi ko da ana tsananin zafi a waje.

A cikin Iskandariyya, jirgin yana fara tsayawa a tashar Sidi Jabir, sannan ya ƙarasa tashar ƙarshe da ake kira Mahaɗɗat Misr. Wanda masaukinsa yake gabashin birni, a unguwannin Istanli ko San Istifano ko Muntaza, ya sauka a Sidi Jabir, kuma ya shirya kayansa tun kafin jirgin ya tsaya, domin ba ya daɗewa a nan. Wanda zai kwana a tsohon gari kuwa ya zauna har ƙarshen layi.

A ganina, wanda ya zo domin kwana biyu ko uku ya fi dacewa ya sauka a tsohon gari, a kewayen unguwar Mahaɗɗat Ramli da dandalin Sa'ad Zaglul, domin daga nan ana iya isa mafi yawan wuraren tarihi da ƙafa ko da gajeriyar tafiyar tasi. A nan ne tsofaffin otal-otal suke, irin su Cecil da aka buɗe a 1929, tare da ƙananan masaukai masu sauƙin kuɗi da ke saman benayen da aka gina tun zamanin da Girkawa da Italiyawa suka cika birnin. Waɗannan ƙananan masaukai sun bambanta ƙwarai da juna, saboda haka a nemi ganin ɗakin kafin a biya, a buɗe famfo a tabbatar akwai ruwan zafi, sannan a duba ko na'urar hawa bene tana aiki. Ɗakin da ke fuskantar teku ya fi tsada kuma ya fi daɗin kallo, sai dai yana fuskantar babban titin Kurnish ne, inda ƙarar motoci ba ta yankewa har tsakar dare. Mai saurin farkawa daga barci ya nemi hawa na sama sosai ko ɗakin baya. Manyan otal-otal na zamani suna gabas, kuma sun fi dacewa da iyalin da ke son iyo da hutu fiye da yawon tarihi. Watannin Yuli da Agusta su ne lokacin cunkoso da tsadar ɗakuna, lokacin sanyi kuma ana samun ruwan sama da guguwar teku da mutanen garin ke kira nawwa, don haka watannin da ke tsakanin waɗannan lokuta biyu sun fi daɗin ziyara.

Hanyar da ta fi sauƙi wajen kewaya birnin ita ce a fara daga yamma a gangaro gabas. A ƙarshen yammacin tsohuwar tashar jiragen ruwa akwai ganuwar Ƙaitbai, wadda Sarki Ƙaitbai ya fara ginawa a 1477 a daidai wurin da shahararriyar hasumiyar fitila ta Faros ta tsaya kafin girgizar ƙasa ta rushe ta a ƙarni na 14. A je da safe kafin ɗaliban makarantu su cika wurin, a shiga ƙaramin masallacin da ke cikinta, sannan a hau saman katangar, inda ake ganin jiragen masunta masu launi iri-iri a gefe guda da buɗaɗɗen teku a ɗaya gefen.

Daga nan tafiyar ƙafa ce zuwa dandalin masallatai a unguwar Anfushi, kuma wannan wuri ya cancanci a ba shi lokaci sosai. Babban masallacin shi ne na Abul Abbas al-Mursi, malamin da aka haifa a garin Mursiya na Andalus, ya rasu a Iskandariyya a ƙarni na 13, kuma almajirin Shehu Abul Hasan Shazali ne. Ginin da ake gani yanzu na ƙarni na 20 ne, kuma idan aka shiga aka ɗaga kai za a ga rufi mai kusurwa takwas da ke zaune a kan manyan ginshiƙan dutse. Daura da shi akwai masallacin Imam Busiri, mai ƙasidar Burda, inda kabarinsa yake, kuma an rubuta baitocin ƙasidar a jikin bangon, ta yadda wanda ya haddace ta zai iya bin su da ido yana zagayawa. Mata suna da ƙofar shigarsu daban, ana ajiye takalma wajen mai tsaro a ba shi ɗan abin hasafi, kuma idan ba salla aka zo yi ba, ya fi kyau a zo tsakanin lokutan salloli.

Sabon ɗakin karatu na Iskandariyya, wanda aka buɗe a 2002 domin tunawa da tsohon da ya ɓace, yana gabashin tashar ruwan. An sassaƙa haruffan rubuce-rubucen duniya a katangarsa ta waje da aka yi da dutsen Aswan, zauren karatun kuma yana gangarowa hawa-hawa a ƙarƙashin rufi mai karkata zuwa teku. Sashen tsofaffin rubuce-rubucen hannu shi ne abin da bai kamata a wuce ba. A bincika lokutan buɗewa tun da wuri, musamman na ranar Juma'a. Abubuwan zamanin Rumawa suna can cikin gari: dandalin wasanni na Kom al-Dikka yana dab da tashar Mahaɗɗat Misr, ginshiƙin da ake kira na Fomfei da kaburburan ƙarƙashin ƙasa na Kom al-Shuƙafa (kaburburan da aka gano a 1900) suna unguwar Karmuz kusa da juna, kuma safiya ɗaya ta ishe su. Lambunan fadar Muntaza suna can ƙarshen gabas, kuma a ware musu yamma guda ta kansu.

Akwai gargaɗi biyu da ba a wasa da su. Titin Kurnish yana da faɗi kuma motoci suna gudu a kansa, saboda haka a tsallaka ta hanyoyin ƙarƙashin ƙasa ko wuraren da aka tanada, ko da hakan zai sa a ƙara tafiya. Tasi mai launin baƙi da rawaya kuma ba ya yawan aiki da mita, don haka a daidaita kuɗin kafin a shiga, ko a kira mota ta manhajar waya.

Abincin Iskandariyya kifi ne, kuma gidajen kifin da suka yi suna suna unguwannin Bahari da Anfushi. Ba a zaɓa daga takarda. Ana kai mutum gaban teburin ƙanƙara ya nuna kifin da yake so, a auna shi a gabansa, sannan ya faɗi yadda za a dafa. A duba idon kifin ya kasance garau, gaɓar da yake numfashi da ita a gefen kansa ta kasance ja, namansa kuma ya dawo idan aka danna da yatsa. A tambayi farashin kilo da nauyin abin da aka zaɓa kafin a kai shi wuta, domin bayan nan babu sauran ciniki. Kifayen da suke kira denis da ƙarus da buri su ne aka fi samu, tare da jatan lande da suke kira gambari. Ana gasawa ko a soya, amma dahuwar da garin ya yi fice da ita ita ce singari, inda ake tsaga kifin a shimfiɗa shi, a lulluɓe shi da tumatir da albasa da barkono da lemon tsami, a saka a tanda. Ana cin sa da shinkafar sayadiyya, wadda soyayyar albasa ke mayar da ita ruwan ƙasa. Ƙananan kwanukan tahina, wato niƙaƙƙen riɗi, da yalo da ake jerawa a tebur ba tare da an nema ba sukan shiga lissafi, haka ma kuɗin hidima da haraji, don haka a karanta takardar kuɗin kafin a biya.

Da safe kuwa ful, wato dafaffen wake, da falafil, mai kama da ƙosai, ake ci, da gurasa mai zafi, kuma ful ɗin garin yana zuwa da tumatir da barkono da tahina. Da dare ana samun kibda iskandarani, wato hanta da aka yanka sirara aka soya da tafarnuwa da kayan ƙamshin da suke kira kamun da barkono mai yaji, aka cusa a doguwar burodi. A saye ta inda layin mutanen gari ya fi tsawo kuma ana soyawa a gaban mai saye, a haɗa da ruwan kwalba maimakon na famfo, sannan a riƙe ƙananan takardun fam ɗin Masar a aljihu, domin irin waɗannan masu sayarwa ba sa karɓar kati kuma ba kasafai suke da canjin babbar takarda ba.