Auna matsin da ke ɓoye cikin ƙarfen da na'urar 3D ta buga: inda aka fi tuntuɓe

Duk mai walda a kasuwar Katako ta Yamai ya san ƙarfe kan lanƙwashe idan ya huce. Matsin da ke maƙalewa a ciki, wato ƙarfin ja ko na matsewa, ne ke jawo haka, kuma abin ya fi tsanani a ƙarfen da na'urar 3D ta buga, don leza na narka garin ƙarfe shimfiɗa bisa shimfiɗa, kowace ta huce nan take ta ja ta ƙarƙashinta. Ɗalibanmu da ke samun damar auna wannan matsi da hasken X, galibi tun ba a kunna na'ura ba suke ɓata aikin.

Samfur yakan fito da kaushi, ga burbushin garin da bai narke ba manne a jikinsa, sai hannu ya kai ga samfefa. Kada ka soma! Guga tana dasa nata matsin, kuma shi za ka auna, domin hasken X na ɗakin gwaji da ƙyar yake shiga maikiron 10 zuwa 20, ko kaurin silin gashi bai kai ba. A zaizaye saman da ruwan sinadari da lantarki. Haka yanke samfur daga farantin da aka gina shi a kai: zarto na rabawa, matsi ya saki. Auna kafin yanka, ka sake aunawa bayansa.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne a auna fata a ce an san ciki. Sau da yawa sama na cikin ja, tsakiya kuwa a matse take. Mai son ganin tsakiya sai ya nemi haske mai ƙarfi irin na cibiyar ESRF da ke Grenoble a Faransa.

A can ma akwai tarko. Hasken ba matsi yake gani ba, tazarar ƙwayoyin zarra yake nunawa, bisa ƙa'idar Bragg ta 1913, wadda ke danganta wannan tazara da yadda hasken ke karkata. Dole a kwatanta da ɗan guntun da ba shi da matsi, wanda aka ciro daga bugu ɗaya, ba daga ɗanyen gari ba. A kula da zafi kuma: bambancin digiri 10 tsakanin awo biyu na iya haifar da kuskuren kusan megafaskal 25 (ma'aunin matsi) a baƙin ƙarfe.

Idan ƙwayoyin ƙarfen, wato dunƙule-dunƙulen zarra da suka haɗu suka yi shi, manya ne, sakamako ya riƙa tsalle, sa na'ura ta dinga ɗan girgiza samfurin yayin awo.