Yadda na gano ciwon silinda ta uku kafin in sa turbo

Motata ta ci kilomita 280,000, don haka na ce sai na auna matsin iskar da ke cikin silindun injin kafin in ɗora masa turbo, wato na'urar da ke ƙara cusa wa inji iska, tunda ƙarin matsin iska ba ya rufa wa tsohon inji asiri. Na bar inji ya yi zafi, na cire fulogi duka huɗu, na kashe hanyar fetur, na sa agogon awon matsi a ramin fulogi ɗaya bayan ɗaya, na take totur har ƙasa ina tayarwa. Silinda ta ɗaya, ta biyu da ta huɗu sun ba ni tsakanin psi (ma'aunin matsi) 170 da 175, ta uku kuwa 130. Ratar ta wuce kashi 10 cikin 100 da ake yarda da shi.

Na zaci zoben fiston ne. Na zuba cokali ɗaya na baƙin mai a ramin fulogin, na sake aunawa, awon bai canza ba; da zoben ne, da man ya toshe yoyon awo ya tashi. Gasket ma, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan inji da jikinsa, lafiya, tunda ba kumfa a lagireto.

Sai na kai fiston ƙololuwa, bawul (ƙofofin shigar iska da fitar hayaƙi) duka a rufe, na hura iska ta ramin fulogi. Na kasa kunne, sai ga iskar tana fita ta salansa. Ashe tazarar bawul ɗin hayaƙi ce ta tsuke, ba ya zama daram. Da inji ya huce na saita ta zuwa milimita 0.25, yadda littafin motar ya ce. Awo ya koma 168. Alhamdulillahi, saura auna matsin baƙin mai.